Idan Taya Ta Yi Bindiga, Wa Zai Biya?

Ranar Alhamis da la'asar, idan ciniki ya fara lafawa a kasuwar dabbobi ta Maigatari, sai hada-hada ta koma wajen lodi. Tireloli sun juya baya sun jeru, matasa na kora shanu da sanda, masu igiya na ɗaure ƙaho, fatake da dillalai na gefe suna ƙarasa lissafi. Shanun da aka koro daga ƙauyukan masarautar Gumel, da waɗanda suka tsallako daga wajen Dungas da Magarya a jihar Damagaram ta Nijar, kafin dare ya raba sun kama hanyar Kano, daga nan sai Ibadan, Legas ko Fatakwal. Tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma dukiyar da ke cikin mota ɗaya takan kai miliyoyin naira masu yawa.

Kafin a tashi, yaron mota yakan zaga da guntun ƙarfe a hannu yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron amonsu. Tirela takan tsaya a kan taya 14, ko 18, ko 22, gwargwadon ƙirarta. Wannan ƙwanƙwasar, tare da ɗan leƙen da direba zai yi wa notina, ita ce mafi yawan binciken da ƙafafun motar za su samu har a sauke kaya a kudu.

Idan ɗaya ta yi bindiga a hanya, abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya daɗe a harkar. In ta baya ce, aka yi sa'a, a tsaya a canza. To amma shanu ba buhunan riɗi ba ne: tsayuwar awa uku cikin rana na iya kwantar da sa ko saniya, sai a yanka a sayar da naman a wulaƙance a bakin titi. In kuwa ta gaba ce, mota na cikin gudu, sai dai addu'a, domin a saman katakon da ke bisa shanun sau da yawa akwai mutane, abin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana hani a kai.

Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Mai shanu ya ce da mai mota ya yi ciniki. Mai mota ya ce direba ne ya yi gudu, ko ya ƙi duba iska. Direba ya ce tayar da maigida ya saya masa ke nan, bai fi sati uku da ɗaura ta ba. Mai shagon taya ya ce ba shi ya ƙera ba, shi ma saro ta ya yi a Kano, kuma kayan da ya bar shago ba ya dawowa. Dilan Kano ya nuna Legas, na Legas ya nuna teku. A ƙarshe dattawan tasha su zauna, a ba kowa haƙuri, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da ke jayayya da ita. Sai dai imani da ita bai taɓa ɗauke wa mai algus alhakin algus ɗinsa ba, kuma abin da ke damun duk mai lura shi ne asarar kusan kullum tana sauka a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin jerin: direban da za a zaftare wa kuɗi, ko ƙaramin falke mai shanu huɗu a cikin motar haɗaka.

Ba haka abin yake ba a da, aƙalla ba gaba ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1960 Najeriya na da manyan masana'antun taya guda biyu, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja. Suna da dilolinsu a manyan garuruwa, don haka tayar da ta nuna aibin ƙira tana da ƙofar da za a kai ta. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta daina ƙira a 2008. Tsadar samar da wutar lantarki da kuma sauƙaƙa harajin tayoyin da ake shigowa da su na cikin manyan dalilan da aka bayar. Tun daga lokacin, kusan duk tayar motar da ke birgima a titin Gumel zuwa Maigatari daga waje ta zo, mafi yawa daga ƙasashen Asiya, da sunaye barkatai waɗanda wasu ba sa shekara biyu a kasuwa kafin su ɓace wasu su maye gurbinsu. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu. Matsalar ita ce mai saye a Gumel ba shi da hanyar rarrabewa sai ta bakin mai shago.

Sai kuma 'yan Beljiyom, wato tayoyin da aka yi amfani da su a Turai ko wani wuri aka cire. A jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su akwai tsofaffin tayoyi, in ban da na manyan motoci daga girman 11.00 x 20 zuwa sama, waɗanda aka bari don a kai masana'anta a sake musu sabon baya. Duk da haka ga su nan jibge a bakin titi a kowane babban gari. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara tura direbobi gare su, don kuɗin sabuwa ɗaya na iya sayen na hannu biyu ko fiye. Har sababbin ma ba su tsira ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu a cikin wasu, uku ko huɗu ko biyar a wuri ɗaya, don kwantena ta ɗauki da yawa a biya haraji kaɗan. Kamun da ta yi a wani sito a Legas a 2017 ya yi amo sosai. Tayar da aka lanƙwasa aka danna ta haka, aka kuma zaro ta da ƙarfi, wayoyin cikinta sun riga sun sami rauni. A ido sabuwa ce fil, har da ƙamshinta. Raunin sai ta ɗau zafi a kan kwalta yake bayyana.

Akwai abu guda da taya ba ta iya ɓoyewa, in dai ba an kankare shi ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai jerin haruffa da lambobi. Na farkon suna nuna masana'antar da ta ƙera ta, lambobi huɗun ƙarshe kuma suna nuna sati da shekara. Idan aka ga 2319, an yi ta ne a sati na 23 na shekarar 2019. FRSC na gaya wa direbobi cewa taya ta gama wa'adinta bayan shekara huɗu da ƙira. Wasu kamfanonin mota suna cewa shida, Michelin kuma na cewa a riƙa kai ta ga masani kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai cinye ba. Ko wane adadi aka ɗauka, dalilin ɗaya ne: roba na bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, kuma a yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, tayar da aka shanya a ƙofar shago wata da watanni tana tsufa tun kafin ta taɓa titi.

Wannan magana ta lambobin taya ba ta shiga kunnen jama'a sosai ba sai a 2016. Ranar 6 ga Maris na shekarar, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma rahoton FRSC ya ambaci fashewar taya da gudu da taka birki da ƙarfi. A watan Afrilu, a wannan hanyar dai, likitoci shida daga jihar Ekiti da ke kan hanyar zuwa taro a Sakkwato suka rasu bayan tayar motarsu ta fashe. Daga nan jami'ai suka fara durƙusawa suna karanta gefen taya a shingayen bincike. Sai dai hukuncin ya tsaya a kan direban da aka kama da ita. Wanda ya sayar masa yana shagonsa.

Taya kuma rabin labarin ce. Ƙafar mota ta haɗa da wili, da notina, da boris, da sandar da ke riƙe da su duka, kuma kowannensu na iya kashe mutum. Wilin da ya tsage a wajen ramukan noti, maimakon a jefar, sai a kai wa mai walda ya bi tsagar da wuta, a shafa fenti, ya koma kasuwa. Notin da aka ɗaure da dogon bututu, mutum biyu na tsalle a kai, yakan ja ƙusar har ta miƙe ta rasa ƙarfinta. Wanda ba a ɗaure sosai ba kuma yana kwancewa a hankali har ramin ya faɗaɗa. Boris ɗin da ya rasa giris yakan yi zafi ya narke, ƙafa biyu su fice tare su bar mota su nufi duk abin da ke gabansu. Bodin tirelar shanu sau da yawa a gida ake haɗa shi, a garejin masu walda, da sandunan ƙafa na hannu da aka sayo a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano. Aiki ne na gwaninta, kuma ya rufa wa dubban mutane asiri. Amma motar da kanta ya fito daga wata ƙasa, bodinta daga wani gareji, ƙafafunta daga wata motar da ta mutu, tayoyinta daga shaguna uku, babu mutum ɗaya da zai ce shi ne ya tsaya mata.

Wanda ke son ganin inda ƙafar mota ke ƙarasa rayuwarta, ya bar kwalta ya shiga ƙauyukan Sule Tankarkar, wajen Danzomo, Jeke ko Dangwanki. Ƙasa ce mai yashi, kuma a nan amalanken shanu ita ce motar gida. Ita ke kai taki gona da bazara, ta kwaso gero da dawa da riɗi da zoɓo da kaka, ta ɗauko jarkokin ruwa, ta kai kaya kasuwa, wani lokaci ta ɗauki mai naƙuda cikin dare zuwa inda za a sami mota ko asibiti. Mai walda ne ke haɗa ta: ya samo sandar ƙafar baya ta tsohuwar mota, ko ya yanki bututun ƙarfe ya liƙa masa mazaunin boris, ya ɗora firam, kafinta ya shimfiɗa katako. Tayar da za a sa mata ta riga ta yi rayuwa biyu, ɗaya a Turai, ɗaya a ƙarƙashin Golf ko Sharon ta haya, har sai da waya ta fara leƙowa. Mai faci zai sa mata tif, ya yanko guntun wata tayar ya shimfiɗa daga ciki a inda ta huje.

Tun da shanu ba sa gudu, ba a cika jin amalanke ta yi kisa saboda taya ba. Asararta iri dabam ce. Manomi ya sayar da amfanin gona ko ɗan akuya ya haɗa kuɗin sabuwar amalanke, wata biyu walda ta ɓalle ko boris ya tarwatse a tsakiyar yashi, da buhu takwas a kai, nesa da gari, ranar kasuwa ta wuce shi. Abin lura a nan, wanda ya cancanci a yaba, shi ne mai waldan ƙauye ya fi babban dilan birni ɗaukar alhaki. Suna sallah a masallaci ɗaya da mai amalanken, ya san mahaifinsa, kuma ya san in ya ƙi gyarawa labari zai riga shi isa kasuwa. Yakan ce a kawo, ya sake waldar ba tare da ya karɓi kuɗin aiki ba. Garantin da ya fi aiki a yankin ke nan, ba a rubuce yake ba, kuma yana ƙarewa daidai inda sanayya ta ƙare.

Kada a ɗauka wannan jefa wa juna laifi ciwon Najeriya ne kaɗai. A Amurka akwai wata irin tirela ta yawon buɗe ido, ɗaki ne mai taya da gado da kicin da banɗaki, iyali su ɗaura a bayan mota su tafi hutu. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su. Mai saye yakan ɗauka kamfanin da sunansa ke jikin tirelar ne ya tsaya wa komai, sai ranar da taya ta fashe ta farke gefen ɗakin ya buɗe takardun garanti ya tarar an rarraba su: ginin na kamfanin da ya haɗa ne, galibi na shekara ɗaya, sandar ƙafa ta wani kamfani ce irin su Dexter ko Lippert, taya kuwa a nemi wanda ya ƙera ta ko ya shigo da ita. Kowannensu kuma na da tambayoyin da zai fara yi. Shin an wuce nauyin da aka rubuta? An wuce gudun mil 65 a awa, kimanin kilomita 105, wanda shi ne iyakar da aka daɗe ana gindaya wa irin waɗannan tayoyi? An sake ɗaure notina bayan mil 10 da 25 da 50 na farko kamar yadda littafin ya ce?

Rikici mafi girma na irin wannan shi ne na Ford da Firestone. A watan Agustan 2000 Firestone ta janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan an gano bayansu na saɓulewa a kan motoci ƙirar Ford Explorer, motar ta kife. Hukumomin Amurka sun danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Ford ta ce tayar ce ba ta da kyau. Firestone ta ce Ford ce ta umarci masu mota su sa iska awo 26 alhali 30 ya fi dacewa, kuma ƙirar motar na da nata laifin. Hulɗar kamfanonin biyu ta kusan shekara ɗari ta watse a 2001. Haka kuma Goodyear ba ta janye tayarta G159 ba, wadda aka ɗora wa manyan motocin yawon buɗe ido, sai a 2022, kusan shekara ashirin bayan an daina yin ta. Ke nan can ma manyan kamfanoni na zillewa iyakar iyawarsu. Bambancin shi ne an iya bin sawu. Lambobin gefen taya ne suka nuna cewa da yawa daga cikin masu matsalar Firestone daga masana'anta ɗaya suka fito, ta garin Decatur a jihar Illinois, wadda aka rufe daga baya. Akwai takardar saye, akwai hukumar da ke tara koke, akwai kotun da za ta tilasta a buɗe fayil. A cikin shekarar 2000 ɗin majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni kai rahoton irin waɗannan koke-koke, wadda daga baya ta sa aka tilasta sanya na'urar gargaɗin raguwar iska a sababbin ƙananan motoci.

Abin da mutane da yawa a tashoshin Gumel da Gagarawa ba su sani ba shi ne dokar Najeriya ma ta ba su haƙƙi mai ƙarfi. Dokar gasa da kare masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ce duk kayan da aka sayar akwai garanti a kansa ko ba a furta ba: dole ya kasance mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa. Idan ya gaza, mai saye na da wata uku ya mayar, a gyara ko a canza ko a ba shi kuɗinsa, kuma ɗawainiyar mayarwar na kan mai sayarwa. Dokar ta kuma ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi. Rubutun nan da ake mannawa a shago ko a ƙasan rasit, cewa ba a dawo da kayan da aka saya, hukumar ta sha nanata cewa ba ya soke wannan haƙƙi.

Tun kafin wannan doka da ƙarnoni, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman Gumel ya yi maganar. Babin ciniki na Risala da na Mukhtasar ɗin Khalil sun haramta ɓoye aibi, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ya riga ciniki. Mazhabar ta shahara da lamuntar da masu sana'a abin da aka damƙa musu ya lalace a hannunsu. Fataken Maigatari sun san wannan sarai a cinikin dabba. Saniyar da aka ɓoye ciwonta tana komawa ga mai ita, dillali ne shaida. Babu dalilin da zai sa hukuncin da ake yi wa saniya ya gagara a kan tayar da ke ɗauke da ita, kuma jihar Jigawa na da kotunan shari'ar Musulunci da ke sauraron ƙararrakin ciniki.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace fashewa ce laifin mai shago ba. A jikin tayar tirela mai girman 315/80R22.5 akan ga lamba kamar 156/150, ma'anarta tana ɗaukar kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, ko 3,350 idan an jera su biyu. Ƙa'idar ƙungiyar ECOWAS ta iyakance tan 11.5 a kan sandar ƙafa guda. Wanda ya ga yadda ake tula buhunan riɗi da hatsi har su haura bodi, ko yadda ƙaramar Golf ke barin kasuwa bayanta na shafar ƙasa, ya san ba a tuna da waɗannan lambobi. Ga masu faci da yawa da ma'aunin iskarsu ya daɗe da lalacewa, da babban yatsa suke aunawa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, kaya ya yi mata yawa, gefenta na lanƙwashewa a kowane juyi, tana tara zafi har robar ta rabu da waya. Ko daga masana'anta mafi kyau a duniya ta fito, haka za ta ƙare. Masani na iya duba gawar taya ya bambance wadda zafi da nauyi suka kashe da wadda ta zo da ciwonta, amma sai an ajiye gawar. A nan kuwa akan bar ta a bakin hanya, ko a sayar wa masu yanka takalmi da gugar rijiya, shaidar ta tafi.

Saboda haka gyaran da ya fi kusa ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙungiyoyin da ke iko da tasha, NURTW ta direbobi da NARTO ta masu manyan motoci, tare da shugabannin kasuwar Maigatari, suna da ƙarfin da za su ce mambobinsu ba za su sayi taya ko wili a wurin wanda ba ya ba da rasit ba. Rasit ɗin kuma ya ɗauki sunan shago, ranar ciniki, sunan tayar da girmanta, cikakkiyar lambar da ke bayan DOT, da bayanin ko sabuwa ce ko ta hannu. Wanda bai iya karatun boko ba, wayarsa na iya ɗaukar hoton gefen tayar a gaban mai shago. Mai shagon Gumel da ya san za a iya dawo masa da kaya zai fara neman irin wannan takarda daga dilansa na Kano, na Kano ya nema daga mai shigowa da ita, wanda shi ne ke riƙe da takardar shaidar inganci ta SONCAP da doka ta ce sai da ita kaya irin wannan zai shigo ƙasa. Idan koke goma suka taru a ofishin ƙungiya a kan suna ɗaya da satin ƙira ɗaya, shugaban tasha na da abin da zai ɗauka ya kai wa SON ko FCCPC a rubuce, kuma direban da tayarsa ta fashe cikin wata ukun farko na da abin da zai ajiye a gaban alƙali a Gumel.